Wa Ya Ɗora Maka Hannu? Labarin Cocin Otodoks na Afirka daga Harlem zuwa Kampala

Ranar 28 ga Satumba, 1921, a wani ƙaramin coci da ke birnin Shikago na Amurka, wani baƙar fata mai shekara 55, haifaffen tsibirin Antiguwa, ya durƙusa gaban wani dattijo Bafaranshe. Dattijon ya ɗora masa hannu a ka, ya karanta addu'o'in naɗi, sai George Alexander McGuire ya miƙe a matsayin bishop na farko na Cocin Otodoks na Afirka. Shi kuwa mai naɗin, Joseph René Vilatte, a Kolombo ta ƙasar Silon, wadda ake kira Siri Lanka a yau, aka naɗa shi tun 1892, a hannun wasu bishop-bishop na Indiya masu bin uban cocin Antakiya. Kafin a cika shekara ashirin, hannun da aka ɗora a Shikago ya isa Kimberley ta Afirka ta Kudu, ya isa Buganda, ya isa ƙasar Kikuyu a Kenya.

Mene ne na wannan doguwar wahala? Ai baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe da kafa nasu coci-cocin. Tun 1816 Richard Allen ya zama bishop na cocin Metodis na baƙaƙe a Filadelfiya, bai je Indiya neman iznin kowa ba. 'Yan Baftis kuwa ba su ma da kujerar bishop ɗungurungum. McGuire yana da ilimi, yana da baki, yana da jama'a. Da ya hau mumbari ya ce daga yau shi ne shugaba, da ba a rasa masu bin sa ba. Abin da ya hana shi, shi ne ya yi imani har cikin ransa cewa mutum ba ya naɗa kansa bishop.

Wannan imani shi ne ake kira gadon manzanni. Katolika da Otodoks da Angilikan sun haɗu a kan cewa Almasihu ya ba manzanninsa, waɗanda Musulmi suka fi sani da Hawariyawa, ikon kiwon jama'arsa, su kuma suka miƙa ikon ga magadansu ta hanyar ɗora hannu da addu'a, magada suka miƙa wa na bayansu, har zuwa yau. Tun wajen shekarar 180, Iraniyus bishop na Liyon ya jero sunayen bishop-bishop na Roma ɗaya bayan ɗaya, don ya tsare masu da'awar wai suna da wani ɓoyayyen ilimi: in da gaske ne, su faɗi daga hannun wa suka karɓa. Majalisar Nikiya ta 325 ta kafa doka cewa aƙalla bishop uku ne za su taru su naɗa sabo, kuma da yardar sauran na lardin. Roma da Antakiya suna kai salsalarsu ga Bitrus, Iskandariya ta Masar tana kai tata ga Markus. A wannan tsari bishop ne kaɗai ke naɗa firist, firist kuma shi ke tsayawa kan Jibin Ubangiji. Don haka duk wanda ke riƙe da ikon ɗora hannu, shi ke yanke wanda zai yi shugabanci da wanda zai mutu yana mataimaki.

Wanda ya zauna gaban malaman zaure ba zai yi mamakin wannan ba. Ba a tambayar muƙaddamin ɗariƙa yawan littattafan da ya karanta kafin a tambaye shi wa ya ba shi izni, shi kuma mai ba shi wa ya ba shi, har a kai ga Shehu. Ijaza ba ta ƙara wa mutum harafi ɗaya na karatu, amma ita ce shaidar cewa ba da ka ya faɗo ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, hannun nan a cocin Angilikan kusan duk na Turawa ne. Mutanen Najeriya sun san labarin Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa bishop a 1864, ya yi aiki a bakin kogin Kwara har Lakwaja, sannan wasu samarin mishan Turawa suka tozarta shi da ma'aikatansa a 1890. Ya rasu ranar ƙarshe ta 1891, aka ba Bature kujerarsa. A Amurka, sai a 1918 cocin Efiskofal, wato Angilikan na can, ya naɗa baƙaƙe biyu, Edward Demby da Henry Delany, su ma a matsayin mataimaka masu kula da baƙaƙe zalla.

McGuire ya ɗanɗani wannan da bakinsa. An haife shi a 1866, ya yi karatu a hannun 'yan cocin Morabiya, ya shiga Amurka a 1894, ya zama firist na Efiskofal a 1897. Ya riƙe cocin St. Thomas na Filadelfiya, tsohon cocin da Absalom Jones ya kafa, wanda babu firist baƙar fata da zai raina shi. A 1905 aka tura shi jihar Arkansas ya kula da aikin baƙaƙe, inda ya yi ta buɗe sababbin majami'u a ƙarƙashin wani bishop da ke ganin raba fari da baƙi shi ne mafita. Daga nan ya koma Kambirij ta jihar Massachusetts, ya tara 'yan ci-ranin tsibiran Karibiyan a cocin St. Bartholomew, amma hukumar cocin lardin ta ƙi ba jama'arsa cikakken matsayi. A tsakanin nan ya yi karatun likita. A 1913 ya tattara ya koma Antiguwa, yana wa'azi yana duba marasa lafiya.

Guguwar Marcus Garvey ce ta dawo da shi. Garvey ɗan Jamaika ya kafa ƙungiyarsa ta ɗaukaka baƙar fata, UNIA, a 1914, ya mai da unguwar Harlem ta Niyok cibiyarta, jaridarsa Negro World kuma tana shiga tashoshin jiragen ruwan Afirka a aljihun ma'aikatan jirgi, duk da cewa gwamnatocin mulkin mallaka da dama sun haramta ta. A babban taron Agusta 1920 aka zaɓi McGuire babban limamin ƙungiyar. Burinsa shi ne a sami coci guda da zai haɗa baƙaƙen duniya. Garvey bai yarda ba, domin a cikin mabiyansa akwai 'yan Baftis da Metodis da Katolika har da Musulmi, ba ya son ya ɗaure ƙungiyar a gindin ɗarika ɗaya. Suka saɓa na ɗan lokaci. McGuire bai fasa ba: ranar 2 ga Satumba, 1921, wakilai suka taru a Niyok, suka kafa Cocin Otodoks na Afirka, suka zaɓe shi bishop.

Abin da suka rubuta a ƙa'idojinsu game da ƙofa ya cancanci a tsaya a kansa. Sun ce cocin yana karɓar mutum na kowane launi cikin membobinsa da ibadunsa, amma ragamarsa tana hannun baƙaƙe, kuma babban aikinsa shi ne ya rungumi miliyoyin 'yan asalin Afirka a ɓangarorin duniya biyu. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin wariya ta koma-baya. Wannan fahimta ba ta yi wa mutanen adalci ba. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar mutane ne da aka saba zaunar da su a kujerun baya ko a bene, su jira sai farare sun gama karɓar Jibi kafin su matso. Ba su ce za su rama ba. Sun buɗe ƙofa ga kowa, sai dai sun ƙi a sake karɓe musu mabuɗin, kuma abin da ya faru da Crowther ya isa hujjar wannan tsoro.

Ana iya ganin amfanin ƙofar a wurin da ba a zata ba, wato garin Sydney na Nova Scotia a gabashin Kanada. 'Yan Barbados da sauran tsibirai sun je can aikin masana'antar ƙarfe, suka tarar coci-cocin garin ba sa marhabin da su. Cocin St. Philip na Otodoks na Afirka ya tashi a unguwarsu ta Whitney Pier a shekarun 1920, kuma yana nan har yau. Haka aka yi a Boston da Mayami da Kuba, duk inda leburori da masu aikatau 'yan tsibirai suka taru. A taron UNIA na 1924, bayan sun shirya da Garvey, McGuire ya yi kira ga iyaye su daina rataye wa 'ya'yansu hotunan Almasihu da Maryamu masu farar fata, aka kuma zagaya titunan Harlem da zanensu a baƙaƙe. Jaridun farare sun yi ta ba'a. Ga uwar da ɗanta ke tambayar ko mai kama da shi yana da wuri a sama, ba abin dariya ba ne.

Sai dai zaɓe daban, naɗi daban. McGuire ya ƙwanƙwasa ƙofar Efiskofal da ta Katolika da ta Otodoks na Rasha, babu inda aka ba shi abin da yake nema bisa sharaɗin cocin ya tsaya da ƙafarsa. A nan ne Vilatte ya shigo.

Rayuwar Vilatte tana da kwana-kwana. An haife shi a Faris a 1854, ya taso Katolika, ya fita, ya koma, ya sake fita. A jihar Wisconsin ya sami manoma 'yan asalin Beljiyam masu jin Faransanci waɗanda suka yi nisa da cocin Roma, ya yi aiki a cikinsu, kuma a 1885 bishop Eduard Herzog na Tsofaffin Katolika, waɗanda suka ɓalle daga Roma, ya naɗa shi firist a Bern ta Suwizalan. Da ya nemi zama bishop, bishop na Efiskofal na yankin, Charles Grafton, ya taka masa birki, Tsofaffin Katolika na Turai ma suka ja baya. Sai ya ji labarin wani firist ɗan Goa, Antonio Alvares, wanda ya bar Roma tare da jama'arsa, cocin Suriyawa na kudancin Indiya ya naɗa shi bishop a 1889 da sunan Mar Yuliyos. Vilatte ya rubuta masa, ya hau jirgi. Ranar 29 ga Mayu, 1892, a Kolombo, Alvares da wasu bishop biyu suka naɗa shi da sunan Mar Timotiyos, bisa iznin da aka ce ya zo daga uban cocin, Fatiriyak Ignatiyus Bitrus na Antakiya. Ɗaya daga cikin ukun, Mar Gregoriyos na Parumala, mutum ne da cocin Indiya ya ayyana waliyyi a 1947. Wato ba 'yan damfara ne suka ɗora wa Vilatte hannu ba.

Matsalar ta biyo baya ne. Vilatte ya koma Yamma ya shiga naɗe-naɗe, ga 'yan Folan a Amurka, ga Italiyawa, ga Ingilishi, sau da yawa ba tare da cikon bishop uku ba, kuma ba tare da komawa ga Antakiya ba. Waɗanda ya naɗa suka naɗa wasu, waɗannan ma suka naɗa wasu, har aka wayi gari da ɗaruruwan bishop-bishop masu yawo, wasunsu da rawani da sanda da doguwar takardar salsala amma babu jama'ar da za ta cika ɗaki guda. Shi kansa ya koma cocin Roma a 1925, ya rasu a Faransa a 1929.

To, naɗin McGuire ya inganta ko bai inganta ba? Amsar ta danganta ga wanda aka tambaya, kuma saɓanin tsoho ne. Malaman Yamma, bisa tafarkin Agustin na Hippo, suna ganin idan bishop na gaske ya ɗora hannu da lafazin da ya dace da niyyar da ta dace, naɗi ya kama, ko da an saɓa doka, ko da mai naɗin ya fita daga cocinsa. A wurinsu abu yana iya zama haramtacce amma ingantacce. Malaman Gabas sun fi karkata ga Kifriyanus na Kartaj: bishop bishop ne saboda yana cikin jama'a, yana tarayya da sauran bishop-bishop, yana riƙe da koyarwar da suka gada, ikon na coci ne, ba kayan aljihun mutum ba, kuma wanda ya fita bai fita da shi ba. Abin lura a nan, dukansu biyu 'yan Afirka ta Arewa ne. Cocin McGuire ya ɗauki sunan Gabas amma ya dogara da hujjar Yamma, kuma a nan gizo ke saƙar.

Akwai kuma wani ƙulli. Cocin Suriyawa da salsalar ta fito daga gare shi manyan majalisu uku na farko kaɗai ya yarda da su, ya rabu da Girkawa da Romawa bayan Majalisar Kalsidon ta 451. Cocin McGuire ya ce ya karɓi majalisu bakwai, irin na Girkawa da Rashawa. Tsarin sujadarsa kuwa haɗin na Angilikan ne da na Roma. Ranar 10 ga Disamba, 1938, ofishin Fatiriyak na Suriyawa, a zamanin Ignatiyus Afrem Barsoum, ya fitar da sanarwa cewa ba shi da wata alaƙa da ƙungiyoyin da ke jingina kansu gare shi ta hanyar Vilatte, kuma bai yarda da naɗinsu ba. An ambaci Cocin Otodoks na Afirka da suna. McGuire bai ga wannan takarda ba, ya rasu tun Nuwamba 1934, ya bar mabiya da aka ƙiyasta sun kai 30,000.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ƙarya ce ta ƙare. Bai kamata a tsaya a nan ba, domin mafi girman abin da cocin ya haifar ba a Amurka ya faru ba.

A 1924 wani malamin coci a Kimberley, Daniel William Alexander, ya karanta labarin McGuire, shi da jama'arsa suka nemi shiga. Ya tafi Amurka aka naɗa shi bishop a Satumba 1927. A daidai wannan lokaci, wani saurayi ɗan Buganda, Reuben Spartas Mukasa, wanda ya yi makarantar Budo ta Angilikan kuma ya yi soja, ya ci karo da jaridar Garvey. Ya rubuta wa McGuire a 1925. A farkon 1929 ya shelanta barin Angilikan, yana neman cocin da ba a ɗaukar ɗan ƙasa yaro a cikinsa. Aka haɗa shi da Alexander, wanda ya zo Yuganda a 1931, ya zauna yana koyarwa, ya naɗa Spartas da abokinsa Obadiah Basajjakitalo firistoci a 1932.

Sai wani ƙaramin abu ya juya tarihin. Wani Bagirke mazaunin Kampala mai suna Vlachos ya halarci baftisma da Alexander ya yi, ya lura cewa ba haka Otodoks ke yi ba. Ya shawarci Spartas ya tuntuɓi Fada Nikodemos Sarikas, firist Bagirke da ke Moshi ta Tanganyika. Abin da Spartas ya yi bayan nan shi ne ma'aunin mutumin. Yana da muƙami, yana da jama'a, yana da bishop baƙar fata ɗan'uwansa, yana iya toshe kunne. Amma shi tsohon coci na asali yake nema, wanda ya girmi mishan na Ingila, don haka da ya gane akwai sauran tafiya sai ya ci gaba. Ya rabu da Alexander, ya shiga rubuta wasiƙu zuwa Iskandariya. Ba a yi saurin amsa masa ba. Cocin Girkawa a Afirka a lokacin na 'yan kasuwa Girkawa ne, kuma ba ya son ɓata wa Angilikan rai. Sai a 1942 aka turo Nikolas bishop na Aksum ya duba su, a 1946 kuma Fatiriyak Kiristofa na Biyu ya karɓe su. Shekara goma sha huɗu ke nan suna jira a bakin ƙofa.

A Kenya zancen ya haɗu da siyasa tun daga tushe. Rikicin kaciyar mata na 1929 ya sa dubban Kikuyu suka bar coci-cocin mishan, suka kafa makarantunsu masu zaman kansu. Suna da malamai da ɗalibai, amma ba su da mai yi musu baftisma da ɗaurin aure, bishop na Angilikan kuma ya ƙi naɗa musu mutanensu bisa sharaɗinsu. Suka tara kuɗi suka gayyato Alexander. Ya iso a 1935, ya horar da ɗalibai, ya naɗa kaɗan daga cikinsu a 1937 kafin ya koma gida. Wasu suka kafa cocin Fentikos mai zaman kansa. Arthur Gatungu Gathuna, ɗaya daga cikin waɗanda aka naɗa, da 'yan ƙungiyar makarantu ta Karing'a suka riƙe sunan Otodoks, suka haɗa kai da Spartas, Iskandariya ta karɓe su tare. Da yaƙin Mau Mau ya ɓarke a 1952, Turawan mulki suka rufe makarantun da coci-cocin, aka ƙona wasu, Gathuna ya shafe shekaru a tsare. Mata ne galibi suka riƙe addu'a a gidaje har aka ɗage dokar ta-ɓaci. Akbishop Makariyos na Kubrus, wanda Ingila ta kai shi zaman gudun hijira tsibiran Seshel, ya biyo ta Nairobi a 1957 ya yi magana a kan 'yanci. A 1971 ya dawo a matsayin shugaban ƙasa, ya yi wa dubbai baftisma, ya aza harsashin makarantar horar da firistoci a Riruta.

Yammacin Afirka ma yana da nasa kaso. Kwamin Ntsetse Bresi-Ando, ɗan ƙabilar Fante a ƙasar Gana ta yau, ya kafa cocinsa mai zaman kansa, ya tafi Landan a 1935 inda Churchill Sibley, wani bishop daga reshen Vilatte, ya naɗa shi. Ya yi shekaru masu yawa yana aiki a Aba ta kudancin Najeriya, ya rasu a 1970. Jama'arsa suna kiran kansu Otodoks ba tare da sun taɓa ganin wani Otodoks ba. A 1974 aka yi taron malaman coci na duniya a Jami'ar Legon, wasu matasansu biyu, Godfried Mantey da Kwame Labi, suka je suka nemi baƙin Otodoks da suka halarta, suka gano cewa sauran duniya ba ta san da zamansu ba. Su ma ba su toshe kunne ba. A Satumba 1982, a garin Larteh, aka karɓe su cikin cocin Iskandariya. A yau akwai kujerar bishop a Akara, akwai wata a Legas wadda ikonta ya haɗa da Nijar.

A Yuganda da Kenya da Gana, babu mishan ɗin da ya zo daga Girka ya fara aikin. 'Yan ƙasa ne suka karanta, suka rubuta wasiƙa, suka biya kuɗin jirgi, kuma salsalar da Antakiya ta yi watsi da ita ce ta ɗora su a hanya. Wannan bai mai da salsalar ingantacciya a idon Gabas ba, Iskandariya ma ba ta ce haka ba. Amma duk mai rubuta tarihin Otodoks a Afirka ya tsallake McGuire da Alexander don wai ba 'yan halal ba ne, ya ci amanar tarihi.

Shiga babban gida kuma bai kashe tsohuwar damuwar ba. Sai a 1972 aka naɗa Spartas bishop, a 1973 aka naɗa Gathuna, dukansu mataimaka ƙarƙashin Bagirke, wato kusan irin kujerar da McGuire ya guje wa. Gathuna ya yi ta samun saɓani da shugabansa har aka tuɓe shi a 1979, ya koma wajen wani ɓangaren Girkawa masu bin tsohuwar kalanda, ya rasu a 1987 cocin Kenya yana rabe. Zuwan Anastasiyos Yannoulatos a 1981, wanda daga baya ya zama akbishop na Albaniya, ya taimaka wajen ɗinke ɓarakar: ya buɗe makarantar Riruta, ya naɗa firistoci 'yan ƙasa da yawa, ya ƙarfafa fassara addu'o'i zuwa harsunan mutane. A Yuganda ragama ta dawo hannun 'yan gida a shekarun 1990, kuma Jonah Lwanga, wanda ya riƙe kujerar Kampala daga 1997 har rasuwarsa a 2021, jikan Obadiah Basajjakitalo ne.

Uwar cocin a Amurka ta ƙanƙance, ta kuma rarrabu bayan McGuire. Ta ayyana shi waliyyi a 1983. Reshenta da duniya ta fi sani yanzu shi ne na San Faransisko, inda Franzo da Marina King suka tara jama'a a kan kiɗan wani mai busa, John Coltrane, suka shigo cocin a farkon shekarun 1980. Ana busa da kiɗa a sujadarsu, masu yawon buɗe ido da marasa gida suna zama a jere ɗaya. Babu wani babban cocin Otodoks da ke tarayya da su.

Su kansu manyan ba su tsira daga tambayar ba. A Nuwamba 2019 Fatiriyak Tiyodoros na Iskandariya ya amince da sabon cocin Yukiren mai cin gashin kansa, Mosko ta fusata ta yanke tarayya da shi. A Disamba 2021 cocin Rasha ya kafa nasa reshen a Afirka, ya karɓi malaman coci 102 daga ƙasashe takwas, waɗanda kafin nan suke ƙarƙashin Iskandariya. Babu mai shakkar salsalar Mosko, babu mai shakkar ta Iskandariya, amma Iskandariya ta tuɓe jagororin sabon reshen, Mosko ta ce tuɓewar ba ta hau kansu ba. A wasu garuruwan Kenya yanzu akwai firistoci biyu da suka yi makaranta ɗaya a Riruta, bishop ɗaya ya ɗora musu hannu, kowannensu yana ambaton sunan wani fatiriyak dabam a addu'ar Lahadi.